Lambar alli a ƙofar gidana

A daminar da nake ba da labarinta, ina da kuɗi a ƙasar waje, ina da shinkafa a Zabarmari, amma babu hanya tsakaninsu. Kuɗin na aikin da na yi wa wani kamfani ne da ban taɓa ganin ƙofarsa ba. Suna turo min jimloli ta waya, in mayar da su Hausa da Kanuri, wani lokaci in karanta da murya in tura musu. Wata uku ina shiga ɗaki in rufe taga, in kori kaji, in roƙi mai injin markaɗen layinmu ya ba ni minti goma. Ko lokacin da nake koyarwa a firamare ban ƙarar da yawu haka ba.

Shinkafar kuwa haɗin gwiwa muka yi da ƙanin matata. Shi ke da gona da ƙarfi, ni na ɗauki alkawarin taki. A gaban mutane na ɗauke shi, da babbar murya, ina kaɗa waya kamar makullin banki ne a hannuna. Taki na biyu ana zuba shi ne kafin shinkafa ta ɗauki ciki. In ta wuce nan, ko tirela ka juye mata ganye kawai ka ciyar.

Matsalar ta faro tun ranar da na yi rajista a manhajar da kamfanin ke biyan ma'aikatansa ta cikinta. Suna, na rubuta. Ƙasa da gari, na rubuta. Sai lambar gida. To mu a layinmu na Bolori, in baƙo zai zo, cewa ake ya sauka wajen masu wankin keke napep, ya shiga layin burtsatse, ya tambayi gidan malamin nan mai surutu. Ko makaho zai kawo shi. Na bar gurbin ba komai, ya yi ja. Na rubuta babu, ya ƙara ja. Sai na fita na tsaya ina kallon ƙofata. Ga rubutun alli nan da masu allurar rigakafi suka yi a zagayensu na ƙarshe: harafi, lamba, ɗan layi, wata lamba a ƙasa. Na kwafe tsaf. Gurbin ya yi kore. Na shiga gida na yi wa matata albishir cewa ashe duk shekarun nan muna da lamba ba mu sani ba.

Wata uku bayan nan, da na danna in cire kuɗina, sai saƙo ya fito. Wai in tura takarda mai ɗauke da sunana da wannan adireshin, ta wuta ko ta ruwa ko ta banki. Takardar wutarmu har yau da sunan wanda ya sayar min da gidan take zuwa, shi kuwa Allah ya ji ƙansa. Ruwa a wajen 'yan ga-ruwa muke saye, ba su taɓa ba ni rasit ba. Na ce to bari in ɗauki hoton ƙofar in tura musu su gani da idonsu. Na fita, sai na tarar ruwan sama ya wanke tsohon rubutun, an kuma sake zagaye, an rubuta min sabuwar lamba da ba ta ko yi kama da ta farko ba.

Daga ranar zama ya gagare ni. In duba waya a ɗaki, in fito zaure in duba, in tafi bakin titi in sake dubawa ko can saƙo ya fi saurin isowa. Na hau rufin banɗaki sau biyu. Matata ta ce na rame, ni da nake sa a ƙara yadi duk sallah.

Ƙaninta ya kira rana ta uku.

"Yaya mai dala, shinkafa na gaishe ka."

"Ina amsawa. Ka ce mata ta yi haƙuri, kuɗin na kan hanya."

"A ƙafa suke tahowa ne?"

"Teku suke tsallakowa, kai da ko kogin Ngadda ba ka iya tsallakewa sai an riƙe maka hannu."

Ya yi dariya, sannan ya sauke murya. "Ganyen ya fara rawaya, Yaya. Ta gonar sama, da muka fara dasawa, ba za ta wuce mako ɗaya ba."

Na je wajen mai sayar da taki na nuna masa fuskar wayata, ga adadin nan ɓaro-ɓaro da alamar dala a gaba. Ya karɓa, ya duba, ya juya bayanta kamar kuɗin za su zubo, ya miƙo min.

"Malam, wannan ai hoto ne. Ni ma ina da hoton taki in kana so."

Sai na yi abin da duk mutumin garin nan zai yi in ana neman shaidar inda yake kwana, na tafi wajen bulama, wato mai unguwarmu. Dattijo ne da ya san ranar da aka kafa kowace katanga a layinmu. Na zube takalma, na gaishe shi da Kanuri yadda ya kamata, na kawo kukana. Ya ce a kawo takarda da hatimi. Da na karanta masa lambar da nake so ya sa, sai ya ajiye biro.

"Wa ya ba ka wannan?"

"Masu rigakafi, ranka ya daɗe."

"Su ne bulama?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To ni ban san gida mai wannan lambar ba. Gidanka na sani."

Ya rubuta abin da ya sani. Cewa ni mutuminsa ne, ɗan marigayi mai sayar da yadi da kakansa ya zo daga Kano, ina zaune a gida na huɗu in an wuce burtsatse, hannun dama, mai ƙofa shuɗiya, kuma ba a taɓa kawo ƙarata ba sai dai a kan yawan magana. Ya buga hatimi har sau biyu. Wallahi takardar ta yi kyau, da ita za ka iya neman aure a kowane gida a Borno. Na ɗauki hotonta na tura. Kafin in sa takalmi amsa ta dawo: ba a karɓi wannan nau'in takarda ba. Ban gaya wa bulama ba. Na ce masa suna dubawa.

Na rubuta wa yarinyar da ke raba mana aiki a kamfanin. Na yi mata bayanin alli, da rigakafi, da bulama, da shinkafa mai shirin ɗaukar ciki. Shafi guda cur. Ta amsa cikin ladabi cewa ta fahimci damuwata, amma su sun riga sun biya, masu riƙe da kuɗin wani kamfani ne daban a wata ƙasa daban. Na zauna ina lissafi da yatsu. Aiki a wata ƙasa, kuɗi a wata, ni a Bolori, kuma babu ɗaya a cikinsu da zan iya zuwa in zauna a zaurensa har ya ji kunya.

Rana ta shida na tafi banki in karɓo takardar asusuna. Na yi layi har na san tarihin mutum uku da ke gabana. Ma'aikaciyar ta buga, ta miƙo. Sunana daidai. Adireshi kuwa Umarari, gidan mahaifinmu, inda nake zaune lokacin da na buɗe asusun ina saurayi da gashi a kaina. Har da lamba, ta gaske, ta ƙarfe, wadda aka kafa tun ina yaro.

"'Yata, a canja min shi ya koma Bolori."

"Sai ka kawo takardar wuta mai sunanka, Baba."

Na riƙe kai da hannu biyu. Ta dube ni, ta dubi layin da ke bayana, ta sunkuyo.

"Baba, wa ke gidan Umarari yanzu?"

"Yayana."

"Ya kore ka ne?"

"Har ɗakina na nan, akuyoyi ya sa a ciki."

"To me ya hana ka koma can a wayar? Ai gidanku ne."

A bakin ƙofar bankin na yi ƙaura, a tsaye, da babban yatsa. Na goge lambar alli, na sa ta Umarari, na tura takardar. Manhajar ta karɓa. Sai ta ƙara da cewa duk wanda ya canja adireshi zai jira kwanakin aiki biyar. Ranar Alhamis ce. Asabar da Lahadi ba sa cikin lissafinsu, Litinin kuma wai hutu suke a ƙasarsu. Ban san bikin me suke yi ba, amma ni na yi shi a tsaye, ina zagaya tsakar gida har kaji suka daina matsa min.

Kuɗin sun shigo Juma'ar da ta biyo baya, ina alwala. Ana sallamewa na wuce wajen mai taki, washegari da sassafe na loda buhuna a keke napep muka kama hanyar Zabarmari. A can ba a daɗewa a gona saboda rashin tsaro, kafin la'asar kowa ya fito, don haka ina sauka na fara ihun a zo a kwashe.

Ƙanin matata ya fito daga cikin ruwa da laka har gwiwa. Ya ja ni zuwa gonar sama, ya tsinko kara ɗaya, ya tsaga da farce ya nuna min. Zangarniyar na kwance a ciki, 'yar siririya, ta riga ta haɗu.

"Wannan ta wuce, Yaya. Abin da Allah ya sa mata shi za mu samu."

"Ko kaɗan ba za a watsa mata ba?"

"Asara ce. Ta ƙasa dai, da muka dasa daga baya, tana da sauran kwana biyu."

Ya ware buhunan da za su ishi ta ƙasa, sauran ya ce a mayar gida a ɗora kan katako kada su ja danshi. Na cire hula da babbar riga na rataye a kan wani reshe, na naɗe wando. Ya zuba min taki a kwarya, ya nuna min yadda ake watsawa da faɗin hannu, ya ce in bi bayansa in taka inda ya taka.