Wuƙar da Alhaji ya zaɓa wa Baba

Ina aji biyu a kwaleji ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba. Bayan ƴan watanni ƙafa ta dawo, baki ma ya miƙe, amma hannun dama ya ƙi. Yana nan rataye a gefensa, yatsun a dunƙule kamar na jariri mai barci.

Sana'ar Baba auren mangwaro ce. A yanko reshen mangwaro mai daɗi, a fere bakinsa, a tsaga ɗan dashe a cusa, a ɗaure da leda har su kama juna. Tun kafin a haife ni yake wannan aiki a garkar wani Alhaji ɗan kasuwa a Jiratawa, kuma da shi muke ci. Da ya kwanta Alhaji bai sallame shi ba. Ya dai ce a ga yadda auren bana zai yi. Duk gidanmu mun fahimci abin da hakan ke nufi.

Wuƙar Baba mai naɗewa ce, wani maƙeri a Tsibiri ya ƙera ta da ƙarfen tsohuwar mota. Ruwan mangwaro ya rina ta baƙa, in ta kwana da laima kuma sai tsatsa. Amma siririya ce kamar ganyen rake, ɗan gogawa kaɗan a dutse ya isa ta aske gashin hannu. Sai dai ba ta buɗuwa sai da hannu biyu: ɗaya ya riƙe ƙota, ɗaya ya sa farce ya jawo.

Baba ya koyi fira da hagu a tsakar gidanmu a Sabon Gari, yana matse reshe tsakanin gwiwoyinsa. Ya fara iyawa. Buɗe wuƙar ne ya gagara. Ya gwada da haƙori, Inna ta yi salati ta ƙwace. Daga nan ni na zama mai buɗewa. A gida ba komai. A garka kuwa, ranakun da ba lakol, wato makaranta, sai ya kira ni bayan rijiya kamar zai aike ni, in buɗe in miƙa masa a ɓoye. Ba ya so ma'aikata su ga ɗiya mace tana buɗe masa wuƙa. Ranakun da nake aji yakan tafi da ita a buɗe, naɗe cikin tsumma, har wata rana ta huda aljihu ta yanke shi a cinya.

Labarin ya kai kunnen Alhaji, ya aiko mu zo gidansa a unguwar Zariya. Ni na raka Baba, don ni ke riƙe shi in zai sauka daga kabu-kabu.

Falon yana da sanyi har na ji tsigar jikina ta tashi. Na zauna bakin ƙofa. Alhaji ya fito da wani akwati mai shimfiɗar jan ƙyalle a ciki, wuƙaƙe na kwance a jere. Ashe tara su yake yi in ya fita waje sayayya.

"Malam, ka bar wahal da kanka da wancan ƙarfen shara," in ji shi yana dariya. "Duniya ta ci gaba. Diba wagga."

Ya danna wani maɓalli, ruwan wuƙar ya yi tsalle ya fito, ƙyas! Ya ɗauki ta biyu, ya taɓa wani ɗan ƙarfe mai kama da kunne a bayanta da manuni, ta zame ta buɗe ba ƙara, kamar an zuba mata mai. Ta uku tana da ɗan ƙulli a gindin ruwan, a tura da babban yatsa.

Baba ya ɗauki mai maɓallin. Ya danna da hagu, ta buɗe. Ya rufe a cinyarsa, ya sake dannawa. Na ga gefen bakinsa ya motsa, murmushin da na daɗe ban gani ba. Ya juya ta a haske yana duban kaurinta, ya gyaɗa kai.

"A'a, aje wannan, ta yara ce," in ji Alhaji. "Ƙarfenta laushi gare shi, kwana biyu ta dakushe."

"Laushi ba laifi ba ne, Alhaji. Dutse na nan."

"Kai da hannu guda, wa zai riƙe maka dutse? Ga wadda ba ta san dutse ba. Ƙarfen wagga sai ka shekara kana yanka ba ta gaji ba. Ba ta tsatsa ko ka jiƙa ta cikin gulbi. Duk akwatin nan babu kamarta, kuma kai na ba."

Ya miƙo ta ukun da hannu biyu.

Daga inda nake zaune na ga abin. Ƙullin a gefe guda yake, gefen da babban yatsan dama ke sauka. Da Baba ya riƙe ta da hagu, yatsansa ya sauka a kan ƙarfe mai santsi. Ya juya ta, ya tura da manuni, ta buɗe rabi ta tsaya.

"Sabo ne kawai," in ji Alhaji.

Na buɗe baki. Baba ya dube ni sau ɗaya, na rufe. A wurinmu in babba ya ba ka abu da hannunsa ba ka zaɓe, ba ka kushe. Baba ya yi godiya mai tsawo, ya yi addu'a, Alhaji na amsawa da amin cikin jin daɗi na gaske. Na tabbata har zuciyarsa taimako yake yi.

A gida Baba ya gano dabara: ya maƙala ƙullin a bakin aljihu ya fizga. Tana buɗuwa. Amma bayan ruwan wuƙar kauri gare shi. Tana da kaifi, sai dai in ta shiga ɗan dashe ba ta ratsa shi a hankali, fasa shi take yi, tsagar ta gudu ƙasa fiye da inda ake so. Ya ce in riƙe masa dutse ya rage mata kauri. Muka goga har hannuna ya yi zafi. Dutsen ne ya yi rami, ruwan da muke zuba masa ya koma laka mai toka. Wuƙar tana ƙyalli kamar ba a taɓa ta ba.

Da lokacin aure ya zo, ya dace da hutu, kullum ina garka. Alhaji ma kullum yana nan. Ya sa aka kai masa kujera gindin wani babban mangwaro, yana kwala kira, "Malam, yaya wuƙata?" Baba ya amsa, "Sai godiya, Alhaji." Tsohuwar wuƙar na cikin jakar lakol ɗina. Na durƙusa ina miƙa masa leda, na ce a hankali, "Baba, in buɗe tsohuwar?"

"Yana kallo," ya ce, bai ɗago kai ba.

Haka muka bi layi bayan layi. Ina jin ƙarar kowane dashe in ya fashe, ƴar ƙara kamar an karya tsinke. Baba ya ƙara ɗaurin leda a kan tsagar, ya matsa gaba.

Bayan ƴan makonni aka kwance leda. Akasarin rassan sun yi baƙi sun bushe, in ka taɓa sai su faɗo. Nan da can ɗaya ya yi toho. Har yau ban san ko ƙarfen ne, ko hannun hagu ne, ko duka biyun. Babu wanda zan tambaya.

Alhaji ya zagaya layukan hannu a baya. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Malam, jiki ya gaji. Ka huta. Na yi magana da wani daga Tsibiri, zai kama."

Baba ya yi godiya.

Mutumin yana tsaye bakin rijiya, matashi ne mai faɗin kafaɗa. Kafin mu tafi Baba ya ja ƙafa ya je wurinsa, yana nuna masa da hagu layin da ke bakin yashi, wanda ba ya son ruwa da rana sai da yamma. Mutumin ya ce, "To, Baba, to," yana duban wayarsa.