Yadda Na Toshe wa Taubashina Hanya da Dariya

A shekarun da zan ba ku labarinsu, ni ne mai teburin sayar da kiredi, wato katin kira, da cajin salula a bakin tashar Filinge, kuma ba na jin akwai wanda ya kai ni ji da kai a duk layin. Ban yi nisa a lakwal, wato makarantar boko, ba, amma idan salula ta ƙi magana, ko saƙo ya shigo da Faransanci, ko wani dattijo ya danna abin da bai sani ba kiredinsa ya tsiyaye, wurina ake zuwa. Ranar kasuwa mutanen ƙauyukan Kurfai na sauka daga amalanke su miƙo mini salulolinsu tun kafin su gaisa da kowa. Wannan girman ya fi mini ribar da ke cikin sana'ar daɗi. Na rubuto muku ne don abin da na aikata ya daɗe yana cin raina, kuma ba zan ambaci sunan kowa ba.

Ina da taubashi, ɗan goggona ƙanwar mahaifina, tare muka yi kiwon awaki muna yara. A wurinmu taubashi shi ne wanda za ka zaga a tsakiyar kasuwa, ka cire masa hula, ka kira shi bawanka, kuma babban abin kunya ne a ga ya ɓata rai. Ni da shi ba mu taɓa gaisawa kamar mutanen kirki ba. Da ya hango ni zai fara tambayar jama'a wane ne ya kwance wannan jakin, ni kuma in ce a riƙe aljihu ga bawana nan tafe. Ya je Yamai ya yi karatu, ya dawo da takarda amma babu aiki. Allah ya sani na yi masa jaje a baki, a zuciya kuwa na ji sanyi, don a ganina karatun bai ɗaga shi sama da teburina ba.

Ashe bai dawo don ya zauna ba. Sai ya haɗa wani ɗan shafi a intanet. Yakan hau babur ya bi kasuwanni, tamu ta Filinge da ta Damana, har Abala idan hanya ta yi lafiya, ya ji yadda ake sayar da hatsi da wake da awaki da raguna. Sai ya ɗauki muryarsa da Hausa da Zabarmanci ya ɗora, wanda bai iya karatu ba ma danna wuri ɗaya kawai zai yi ya saurara. Manomi ya daina ɗaure buhu a makance. 'Yan kasuwa suka fara ba shi ɗan abin hannu don ya ambaci shagunansu, har ya aza tubalin ɗaki a gidansu, goggona ta fara zancen aurensa. Abin da ya fi ƙona ni shi ne a teburina ake sayen mega na shiga intanet, a hannuna ake miƙo salula, sannan a ce in buɗe musu muryar ɗan goggona. Ni da ake zuwa nema na koma mai buɗe wa wani ƙofa. Wata rana mahaifiyata ta ce yaron nan ya fitar da dangi kunya, ta faɗa tana tankaɗe, ba ta ma dube ni ba. Na kasa cin tuwon ranar. Hassada ce, ba ni da wani suna da zan ba ta, kuma kullum ƙaruwa take.

Ana cikin haka wani wakilin kamfanin sadarwar da nake sayar wa kiredi ya zo daga Yamai, ya zauna a bencina ya kira ni babban mutum. Ya ce sun fito da sabon forfe, wato sabon tsarin sayen mega: akwai manhajarsu ta kansu mai farashin kasuwa da labarai, wadda za a riƙa buɗewa kyauta kuma da sauri, sauran shafuka kuwa mutum ya sa megarsa ya yi haƙuri da yadda suka buɗe. Ya ce hukumar da ke kula da sadarwa tana duba ko ya dace kamfani ya bambanta tsakanin shafuka haka, don haka suna son shaidar cewa mutanen karkara na so. Suna neman wanda jama'a suka yarda da shi ya tara taro a dangwala hannu. Ya ba ni riga da hula masu tambarinsu da sabuwar laima. Tun bai gama ba na gane shafin wa zai fara mutuwa, kuma wannan ne ya sa na amsa da sauri, ba laimar ba.

Taubashina ya same ni kafin ranar taron. A karon farko a rayuwarmu ya zauna bai tsokane ni ba. Ya ce in dubi abin kamar hanyar kasuwa: idan mai hanya ya bar amalankensa na wucewa a sake, ya tsayar da na kowa a rana, to ba da daɗewa ba shi kaɗai zai riƙa kai kaya, kuma abin da ya faɗa shi ne farashi. Ya ce ba shafinsa kawai yake ji ba, duk wani yaro da zai tashi gobe da dabararsa zai tarar an rufe. Ya roƙe ni in bar shi ya yi wa mutane bayani a taron kafin su dangwala. Na ce masa babu komai, ai taron kowa ne. Na fahimci maganarsa sarai, shi ya sa ba zan iya fakewa da jahilci ba.

An yi taron da hantsi a rumfar 'yan kasuwa, dattawa a gaba, manoma da makiyaya cike har waje. Wakilin ya yi ta nanata kalmar kyauta, mutane na gyaɗa kai. Da taubashina ya miƙe da takardarsa a hannu, ya fara cewa a yi hattara da kyautar da ke zaɓa wa mutum abin da zai ji, sai na ga fuskokin dattawa sun fara sauyawa. Nan na tashi na cire masa hula. Na ce jama'a su yi haƙuri, bawana ne ya kuɓuce tun safe ban ba shi dawo ba, yunwa ce ke magana. Na ce tsoro yake kada a daina sauraren muryarsa mai kama da ta bunsuru, ya rasa na goron aure. Rumfa ta kece da dariya. Ya sake buɗe baki, na sake jefa wata. Wani dattijo yana share hawayen dariya ya ce a bar taubasai da halinsu. Na san abin da nake yi. Na san idan ya yi fushi a gaban mutane shi za a zarga da rashin sanin zumunci, idan kuma ya yi dariya maganarsa ta zama wasa. Ya dube ni, ya yi dariyar da al'ada ta ɗora masa, ya naɗe takardarsa ya zauna. Mutane suka bi layi suna dangwala hannu, ni ke riƙe da tawadar.

Ban sani ba ko takardunmu sun yi wani nauyi a Yamai, wataƙila da mu da babu mu abin zai wuce. Abin da na sani shi ne forfen ya shigo, kuma a garinmu babu wanda ya ɗaga murya, don na riga na mayar da mai ɗagawar abin dariya. Shafinsa ya koma juyawa kawai yake, murya ta fara ta yanke, mega ta ƙare mutum bai ji farashin wake ba. Mutane suka koma manhajar kamfani. Ita kuwa rubutu ne da Faransanci, farashin ma na manyan birane, babu Damana babu Abala. A makonnin farko na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, don an dawo ana miƙo mini salula in karanta. Sai ranar da wata tsohuwa daga wajen Tondikandiya ta zo ta ce in buɗe mata yaron nan mai faɗin gaskiya, tana son ta ji kafin ta kai akuyarta wurin dillalai. Muka tsaya muna kallon abu na juyawa har ta gaji, ta ja akuyarta ta tafi. Ban san yadda ta sayar ba, kuma har yau ina tuna bayanta.

'Yan kasuwa suka janye, tubalin ɗakinsa ya sha damina biyu a tsaye, ya sayar da babur ya shirya tafiya cirani Kwatano. Ni ma ban daɗe ina cin moriya ba, don kamfanin ya koma sayar da kiredi ta cikin manhajar, wakilin ya daina ɗaukar kirana, laimar ta kode. Amma ba wannan ne ya karya ni ba. Ranar da zai tafi ya zo teburina da jakarsa. Ina ganinsa na ce a riƙe aljihu ga bawana nan, ina jiran ya rama. Sai ya rusuna ya ba ni hannu biyu, ya kira ni yaya, ya tambayi lafiyata da ta iyali da gajiyar aiki, ɗaya bayan ɗaya, kamar baƙon da ya zo daga nesa. Ya ce in yafe masa idan ya taɓa saɓa mini. Na miƙa hannu zan cire masa hula, sai ya cire da kansa ya ba ni cikin ladabi, ya shiga mota. Hular na nan a ɗakina. Yakan kira da salla mu gaisa lafiya lau, ban sake jin ya kira ni jaki ba.

Abin da na koya shi ne kamfani ba ya shiga gari da ƙarfinsa kaɗai, sai ya sami ɗan gari mai ciwo a zuciya ya riƙe masa tawada. Ni ban sayar da ɗan'uwana don riga da hula ba, na ba da shi ne don in daina jin ana yabonsa. Ina roƙon masu karatu, idan aka zo muku da kyautar da ke buɗe ƙofa ɗaya ta rufe saura, ku tambaya ta wa aka rufe kafin ku dangwala hannu, ku kuma bar mai bayani ya kai ƙarshen maganarsa ko da ba ku son fuskarsa. Masu taubasai kuma ku binciki zuciyarku kafin ku yi wasa, don kakanninmu sun bar mana shi ne domin ya kashe gaba, ni kuwa na ɓoye tawa a cikinsa. Yau duk garin ana gaishe ni da mutunci, amma mutum ɗaya nake jira ya zage ni.