Tabarmar Kawu a Kotun Tarayya

Kawuna, yayan mahaifiyata, manomin riɗi ne a wani ƙauye kusa da Gagarawa, kuma ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba. Wata shekara wani jami'in ƙaramar hukuma ya zo zai yanki gefen gonarsa a fitar da hanya. Suka yi cacar baki, Kawu ya ture shi. Aka kama Kawu, aka kai shi gidan yari a Gumel, aka manta da shi. Ga riɗi ya kusa nuna, kuma in ba a yanke shi a kan lokaci ba, tsagewa yake yi ya zube ƙasa.

Ni nake kai masa abinci. Rannan na tafi da wata lauya, ƙawata tun makaranta, don ta shigar masa da ƙara a kotun tarayya. Ta yi masa bayani cewa alƙali sai ya tankaɗe ƙorafi kamar gari a rariya, abin da doka ba ta san da shi ba ya watsar.

Kawu ya gyara zama, ya fara jero ƙorafinsa. Na farko, jami'in bai yi sallama ba. Na biyu, ya kira shi da sunansa gatsal, yaron da bai fi ɗansa ba. Na uku, ya taka masa tabarma da takalmi.

"Baba, duk waɗannan ba za su wuce ba," in ji lauya, tana danne dariya. "Tun da aka kawo ka, an sake kai ka gaban alƙali?"

"Wane alƙali? 'Yata, bar wannan, rubuta tabarma."

Ni ban yi dariya ba. Marigayiya matarsa ce ta saƙa tabarmar nan da kaba, a kanta yake hutawa a gindin bishiyar gona.

Lauya ta sa tabarma da sallama da suna a takardar ƙara don ya ƙyale ta, ta kuma sa zancen tsarewar. Yadda ta faɗa haka aka yi. Alƙali ya watsar da sallama da suna da tabarma, ya riƙe tsarewa ba shari'a, ya ce a sake shi. Muka yi ta murna, aka yanke riɗi da ƙyar kafin ya zube. Kawu kuwa cika yake yana batsewa, wai kotu ta zubar da tsaba ta ɗauki dusa. Sai da na ji kamar in mayar da shi gidan yarin.

Bayan sallah jami'in ya zo gida ba da haƙuri, ina jin manya ne suka matsa masa. Ya yi sallama har sau biyu. Kawu ya sa aka shimfiɗa tabarmar, ya zuba masa ido. Mutumin ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya tako ba takalmi cikin zafin rairayi, ya durƙusa a gefe.

Kawu ya shafa tabarmar, ya juyo gare ni.

"Gaya wa ƙawarki yau aka gama shari'a."