Talatin a Sashen Yara

Daga bakin likita Talatin ya samo sunansa. Yana shekara huɗu aka yanki 'yar fata a hannunsa aka kai gwaji. Sakamako ya ce kashi talatin cikin ɗari na ƙwayoyin jikinsa suna ɗauke da ƙarin kuromosom, wato zaren halitta guda ɗaya fiye da na kowa, sauran saba'in kuwa lafiyarsu lau. Yayarsa ta ji, ta riƙe. In ya ƙi shara sai ta kama ƙugu ta ce, "To waye malalacin, talatin ɗin ko saba'in ɗin?" Haka sunan ya bi shi har kasuwa, inda yau shekara ashirin ke nan yana yankan makulli a ƙarƙashin matakalar wani bene.

Jikin nasa ma bai taɓa shirya kansa ba. Ƙafar hagu ta fi ta dama tsawo da faɗin yatsa biyu, ƙashin baya ya karkace, kunne ɗaya ya yi ritaya tun yana goma, yatsu biyu ba sa miƙewa. Ya ce waɗannan biyun su ne suka fi iya riƙe makulli, don haka kada a taɓa masa su.

Shekararsa arba'in da huɗu, da furfura a gemu, amma har yanzu sashen yara yake zuwa a asibiti. Ba don bai gwada na manya ba. Can, likitan ƙashi ya duba baya ya tura shi wajen na ƙoda, na ƙoda ya tura shi wajen na kunne, na kunne ya sa a ɗibi jini. Jinin kuwa munafuki ne, babu ko ƙwaya ɗaya mai ƙari a cikinsa, duk sun maƙale a fata da ƙashi. "Malam, jininka ya ce ƙalau kake," in ji wani matashin likita. Talatin ya ce, "Madalla. Don Allah a sanar da bayana, bai samu labari ba."

Mutum ɗaya ce ta san shi daga kai har ƙafa, tsohuwar likitar yara. Duk wata uku zai zo ya naɗe a kan 'yar jar kujerar roba, gwiwoyi a haɓa, Umma a gefensa da jakar takardu. Umma ce bakinsa. Ita ke faɗin inda ke ciwo da tun yaushe, don ta iya karanta tafiyarsa. Shi nasa guda ne: "Da sauƙi." Tun yana ƙarami ya gane cewa kalmomin nan biyu ke sa Umma ta iya cin abinci, sai ya riƙe su. A ƙarshe nas ta liƙa masa tauraro a riga, saboda jarumtaka.

Bara Umma ta rasu. Yaya tana aure a wani gari mai nisa, kullum ta bugo waya ya ce mata da sauƙi. Wata biyu da suka wuce ƙafar hagu ta fara mutuwa. Ranar nan gutsuren ƙarfe mai zafi ya faɗa masa a kanta, bai sani ba sai da ya ji ƙauri. Akwai kuma wani abin da ya fi wannan, wanda ya sa ya fara zuwa kasuwa da wando na biyu a leda. Ya san in ba a duba shi ba ƙafar za ta tafi, kuma ya san bakinsa ba zai faɗa ba.

Ranar ganin likita sai ga sabon mai gadi da sabuwar doka a ƙofa: babba ba ya shiga sai mai rakiyar majinyaci.

"Ina yaron?" in ji mai gadi.

"Ni ne."

"Baba, don Allah, da safen nan?"

Babbar nas ta leƙo, ta karanta dokar sau biyu, ta ja tsaki. Ta ce dokar ba ta ce majinyaci ya zama yaro ba, cewa ta yi babba ya zama mai rakiya. Ta zaro fom, ta rubuta sunansa a layin majinyaci, ta sake rubuta shi a layin mai rakiya. Da ta zo kan "dangantaka" ta ɗago kai.

Talatin ya yi tunani. "Ki sa: tare muka tashi."

Mai gadi ya duba fom, ya ga babu layin da ba a cike ba, ya rataya masa katin masu rakiya a wuya, har da ce masa ya riƙe hannun yaron da kyau a matakala.

Tsohuwar likita ta ga katin ta yi dariya har da share hawaye. Amma sabon tsarin kwamfuta ma mai rakiya yake tambaya, sai ta gyara tabarau, ta nuna masa babbar kujera, wadda bai taɓa zama a kanta ba. "To, mai rakiya, yaya jikin yaron naka?"

Talatin ya buɗe baki zai ba da amsar da ya saba. Sai ya kalli 'yar jar kujerar da babu kowa a kai, wani haushi ya taso masa, irin na wanda aka bar wa amana.

"Likita, yaron nan maƙaryaci ne," ya ce. "Shekara arba'in yana ce muku da sauƙi. Ƙafarsa ta hagu ba ta jin wuta. Fitsari yana kufce masa a kasuwa, sau shida ke nan, ya zuba wa kansa ruwa ya ce buta ce ta kife. Ba ya cin abinci sosai tun da uwarsa ta tafi. Kuma tsoro yake ji, wallahi tsoro yake ji, ya rasa wa zai faɗa wa."

Likita ba ta ƙara yin dariya ba. Ta sa shi ya kwanta a gadon da ƙafafunsa ke reto a ƙarshensa, ta tsikare shi da allura daga ɗan yatsa har cinya, ya yi ta kallon silin. Ta ɗauki waya ta kira likitan tiyatar ƙashin baya da kanta, ta ce jijiya ce ta danne, kuma yau take so a gan shi, ba mako mai zuwa ba.

Nas ta shigo da fom ɗin kwantarwa. Layi layi ne, dole a cike. "Mai rakiya zai zauna da majinyaci, ko zai tafi gida?"

Talatin ya karɓi biro da lanƙwasassun yatsunsa.

"Haba, 'yar'uwa," ya ce. "In tafi in bar shi da wa?"