Saƙon da na ɗora wa mara lafiya

A shekarun da wannan abu ya faru, ni ma'aikaciyar jinya ce a wata likita ta karkara, wato ƙaramin asibiti, a ƙasar Arewa, ba zan faɗi garin ba. Na daɗe a wurin har yaran da na yi wa allurar rigakafi sun fara kawo nasu 'ya'yan. Ɗakin masu tarin fuka a hannuna yake, kuma na iya aikina, wannan ko maƙiyina ba zai musa ba. Aibina guda ne, ina da riƙo. Idan aka taka ni ba na hayaniya, sai dai in ɗauke gaisuwa, kuma in na ɗauke ta, to sai Allah. Na rubuto muku ne don abin ya daɗe yana ci mini rai, kuma na san irina suna da yawa a cikin farar riga.

Ɗakin da ke manne da nawa na masu ɗauke da cutar sida ne, wato ƙanjamau. Wadda ke riƙe da shi yarinya ce a kaina, 'yar Dogon Dutsi daga unguwar mishan, mai kaifin kai da saurin baki. Watanta biyu da zuwa ta gyara mini yadda na rubuta wani magani a gaban marasa lafiya, har wata tsohuwa ta yi dariya. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ma abin ya fi yi mini zafi. Daga ranar na daina yi mata magana. Ta gaishe ni, ta sake gaishe ni, ta aiko mini da abincin Kirsimeti na mayar, ita ma ta gaji ta kama kanta. Majo, shugaban likitar tamu, ya zaunar da mu sau biyu, ya tuna mini cewa addinina bai yarda gaba ta wuce kwana uku ba. Na ce masa ni ba na fushi da kowa, aikina kawai nake yi. Haka muka ci shekara biyu da bango ɗaya a tsakaninmu. Garin kaf an sani, har mata a bakin rijiya suna tsokanar juna da mu.

Ana cikin haka aka tura ni Doso horo na mako guda, kan yadda za a haɗa kula da masu tarin fuka da masu sida. Aka koya mana cewa cututtukan nan biyu abokan tafiya ne, ɗaya ke buɗe wa ɗaya ƙofa. Duk mai tarin fuka a ba shi shawarar gwajin sida, duk mai sida a tambaye shi tari da zazzaɓi da rama. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, maganin tarin fuka yana rage ƙarfin ɗaya daga cikin magungunan sida, don haka mai shan su tare sai an ƙara masa ƙwaya guda da yamma har ya gama na tarin. Malamin ya nanata cewa dole masu ɗakunan biyu su riƙa zama suna duba mutanensu tare. Na gyaɗa kai kamar kowa, na karɓi takardar shaida, muka yi hoto. Da na dawo, majo ya ce in tara ma'aikata in juye musu abin da na koyo. Na tara su kuwa, amma na zaɓi Alhamis, ranar da na san tana fita ƙauyuka aikin rigakafi. Allah ya gani, da gangan na yi.

Cikin bazarar nan na sa wani manomi a maganin tarin fuka. Daga wata tunga yake ta wajen Sukukutane, magidanci mai 'ya'ya huɗu, mutum mai kunya da yawan godiya, irin wanda ke tuɓe takalmi tun daga bakin ƙofa. Da na yi masa maganar gwajin sida sai ya sunkuyar da kai, ya ce babu buƙata, ya daɗe yana karɓar maganinta a ɗakin da ke kusa da nawa, kuma bayan matarsa babu wanda ya sani. Bai gaya wa mai ɗakin cewa an gano masa tarin fuka ba, don yana tsoron kada a ce ciwonsa ya yi yawa. A take na gane cewa shi ne mutumin da aka yi mana bayani a Doso. Taku biyar ne daga kujerata zuwa ƙofarta. Ban yi su ba. Na ce masa ya je ya gaya wa waccan cewa na sa shi a maganin tari, ta ƙara masa ƙwayar yamma, in ba ta sani ba ta tambaya. Haka na faɗa, waccan, ko sunanta ban iya kamawa ba. Ya ce to, ya yi godiya, ya fita.

Damina ta sauka, yana zuwa karɓar maganinsa a wurina ba fashi, kullum ranar Alhamis. Sau ɗaya na tambaye shi ko ya isar da saƙona, ya ce an gode Allah. Wanda ya san mutanenmu ya san wannan ba amsa ba ce, amma na karɓe ta don ita nake so in ji. Tarin ya lafa, sai dai jikin bai ciko ba. Na ɗora laifin a kan noma da ƙarancin cimaka, na ba shi shawarar ya riƙa cin wake.

Ana tsakar yankan hatsi aka kawo shi a amalanke wata Lahadi da safe, wuyansa ya sandare, yana riƙe da kai, ba ya gane mutane. Matarsa ta ja ni gefe ta ce tun ruwan farko bai sake shan maganin sida ba. Wai ya ce mata shi talaka ba zai ɗauki magana daga bakin wata likita ya kai wa wata ba, alhali duk gari an san ba sa ga maciji. In ya kai saƙon, ɗaya za ta ji haushinsa, shi kuwa yana buƙatar kowace. Sai ya yanke shawarar ya gama da tarin tukuna, in ya so ya koma wa maganin sida. Shi ya sa ya zaɓi Alhamis, don kada su haɗu da mai ɗakin sida. Ina tsaye ina jin ta har ta gama. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ranar ba.

Majo ya ce a wuce da shi babban asibiti a Dogon Dutsi, na shiga motar da ta ɗauke shi na bi su. Can aka nemi tarihin magungunansa na sida, ni kuwa ba ni da shi. Na san abokiyar aikina tana gidan iyayenta duk Lahadi, sai na hau kabu-kabu na yi ta tambaya har na same ta, dawowarta ke nan daga coci. Na yi sallama na durƙusa a gaban uwarta da ƙannenta, na faɗi komai, ban rage ba. Ta ce sau biyu ta je tungarsu nemansa yana ɓuya a gona, ita kuma ba ta da ikon gaya wa danginsa dalilin zuwanta. Sannan ta kira ni yaya, ta tambaye ni tun yaushe na sani. Na ce tun bazara. Daga nan ta ɗauki jakarta ta ce mu tafi. A hanya ta gaya mini cewa za ta yi aiki da ni, amma kada in sa ran ta manta da wuri, kuma ban ga laifinta ba.

Ya rayu, amma ciwon da ya hau masa kai ya tafi da ganinsa. Yanzu matarsa ke riƙe masa sanda, ƙanensa ke noma masa gona. Da ya samu sauƙi na zaunar da shi na gaya masa cewa ni ce sanadi, saƙon da na ba shi nawa ne, ba nasa ba. Ya ce in daina faɗin haka, abin da Allah ya rubuta ne, ya ma ƙara yi mini godiya. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Tun daga nan na sa wa kaina doka. Duk mako ni da ita muna zama mu bi mutanenmu ɗaya bayan ɗaya, kuma mai cututtukan biyu rana ɗaya yake zuwa, a ɗaki ɗaya yake samun mu. Na roƙi majo ya bar mini koyar da sababbin ma'aikata, kuma kafin in buɗe takarda wannan labarin nake fara ba su, ba na ɓoye cewa ni ce. Ina nan da zuciyata, ba a canja hali dare ɗaya, amma na koyi cewa durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Ku 'yan'uwana ma'aikatan lafiya, ku ji daga bakin wadda ta gani. Za a iya tura ku horo goma, amma in ilimin ya tsaya a jakarku saboda ba kwa shiri da na ɗakin kusa, wani bawan Allah ne zai ɗauki nauyin, kuma ba zai faɗa muku ba. Mutanenmu suna ganin rigimarmu sarai, suna kauce mata ko da ransu ne a ciki. Mara lafiya ba ɗan aike ba ne. In kina da maganar da za ta tsare ran mutum, ki tashi ki kai ta da ƙafarki, yau ɗin nan, ko da wadda za ki gaya wa ba za ta amsa sallamarki ba.