Na Ce wa Mma Ta Fita

Shekaru na yi ina kallon wuta daga sama, kuma ban taɓa kashe ko ɗaya ba. Aikina ke nan a wani ɗan ofis a Tamale. Da rani ya shigo nakan hau babur daga unguwarmu Vittin, in zauna gaban kwamfuta, in jira hoton da tauraron ɗan'adam ya ɗauka. Inda daji ke ci da wuta, ɗigo ja ne yake fitowa, hayaƙin kuma ya ja jiki toka-toka ya bi iska. Sai in duba inda ya dosa, in rubuta rahoto, in tura sama. Ko ana karantawa, Allah ne masani. Har idona ya gaji da jan nan.

Mutum ɗaya na tabbata tana amfani da aikina, ita ce mahaifiyata. Mma tana unguwar Dabokpa, asma ta daɗe da kama mata ƙirji, kuma hayaƙin ciyawa ne babban abokin gabarta. Kullum bayan azahar sai ta bugo waya.

"Yau abin naku ya ce mene?"

In na ce hayaƙi na tafe, sai ta rufe tagogi, ta toshe ƙasan ƙofa da jiƙaƙƙen tsumma, ta ajiye abin shaƙarta kusa. In na ce sarari ne, ta yafa mayafi ta shiga gari. Har faɗa wa maƙwabta take yi wai ɗanta na ganin hayaƙi tun bai taso ba. Ina jin daɗin hakan, ba zan ɓoye ba.

Wannan jin daɗin ne ya ja ni. A wani ɗaurin aure na haɗu da kawuna, ƙanen Mma, wanda ke noma a wani ƙauye gabas da gari. Su a can, in an gama girbi sai a cinna wa daji wuta a tsaya da karnuka da sanduna, zomo da zabin daji su fito a buge. Haka suka taso suka tarar. Sai dai a shekarun nan jami'ai kan zo da taswirarmu, sarki ya kira masu farautar ya wanke su tas a gaban jama'a.

"Wannan ido naku na sama," in ji Kawu, "ba ya ƙiftawa koraa, ko sau ɗaya?"

Ni kuwa baki ya buɗe. Na ce ai wucewa yake yi, sau ɗaya da hantsi, sau ɗaya bayan azahar. Akwai na dare, amma kafin ya zo hannuna gari ya waye. Har da zana masa a ƙasa da tsinke. Ya gyaɗa kai, ya ce boko da daɗi.

A ranin da ya biyo baya, gabashin taswirata ya yi fes. Na rubuta cewa wayar da kan jama'a ta fara aiki. Aka yaba mini.

Wata Alhamis Mma ta kira. Akwai suna a Kasalgu, jikar ƙawarta ce ta haihu, tana so ta je. Na duba hoton azahar, ko ɗigo babu. Na ce, "Mma, je ki abinki, yau sarari ne." Ko abin shaƙar ba ta ɗauka ba, tunda na ce.

Bayan la'asar na fito zan hau babur, sai ƙauri ya doki hancina. Gabas ta yi duhu, baƙar tokar ciyawa na sauka a kan sirdi. Nan take na gane. Kawu da mutanensa sun koyi jira: sai tauraron ya wuce suke ƙyasta ashana. Ni na ba su lokacin da bakina.

A hanyar komawa gida abin ya same ta, cikin keke mai ƙafa uku da babu ko labule. Direban ne ya wuce da ita asibiti kai tsaye. Na tarar da ita da robar iska a hanci, ƙirjinta na kuka kamar tsohuwar ƙofa. Kwana huɗu muka yi. Ba ta ɗora mini laifi ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ranar da aka sallame ta Kawu ya zo dubiya. Tun a asibiti na shirya masa maganganu masu zafi, amma da na gan shi ya durƙusa gaban yayarsa yana share ido da hula, sai duk suka zube.  A ɗaurin auren nan tambaya ya yi, na ba shi amsa. Ya kwance wata takarda, ga zomo biyu an ƙyafe su, ya ce a yi mata romo ta ji ƙarfi.

Na tsaya ina kallon naman, hannuna ya ƙi miƙuwa.

"Karɓa masa mana," in ji Mma, muryarta a dishe. "Ya sha wahala paa, ba kaɗan ba, kafin ya samu."

Na karɓa. Ni na daka yajin, ni na hura mata romon ya huce, ta sha cokali uku ta ce ya yi daɗi.