Saƙon Nei Bwena Bai Je Ko'ina Ba

Mutanen Betio, wani gari a ƙarshen tsibirin Tarawa, sun san Nei Bwena, har da waɗanda ba su riƙe sunanta ba. Ita ce mai soya kifi a bakin titin da ya nufi tashar jiragen ruwa, gajeruwa mai faɗin kafaɗa, wadda idan ta ƙyalƙyale da dariya har direbobin bas sukan waiwaya. A tsibirin Nonouti aka haife ta. Ta zo Tarawa tana budurwa don ta yi wa gwaggonta reno, ta haɗu da Iotebwa a cikin mawaƙan coci, shi ke nan ba ta koma ba. 'Ya'yansu sun yi aure sun watse. Shi ya kamo, ita ta soya, haka suka tsufa suna zolayar juna.

"Wannan kifi ne, ko yatsanka ka yanko mini?" takan ce idan kamun bai yi kyau ba.

"Je ki tambayi teku, uwar surutu. Ni ɗan aike ne."

Duk wannan daga baya na ji shi, a bakinta da bakin maƙwabtanta. Ni a Bikenibeu nake, can ɗaya ƙarshen tsibirin, ban taɓa ganinta ba sai ranar gwajin.

A lokacin ina aiki da wani ƙaramin kamfani da ke haɗa manhajar intanet saboda masunta. Idan kwale-kwale ya fita bai dawo ba, iyali su shiga shafin su kai rahoto. Ba a gama ta ba tukuna, ba a haɗa ta da ofishin kowa ba. Abin da muke so mu gani shi ne, mutumin da bai taɓa taɓa kwamfuta ba, zai iya kaiwa ƙarshe shi kaɗai? Muka sa aka yi shela a coci-coci cewa muna neman masu gwada ta. Abokiyar aikina Meere, wadda ba ta daɗe da dawowa daga karatu a birnin Suva na ƙasar waje ba, ita ke zama kusa da mai gwaji. Ni kuma ina baya ina rubuta inda mutum ya maƙale. Doka guda ce: kada a taimaka, a zuba ido kawai.

Nei Bwena ta shigo da hantsi, ƙafafunta duk yashi, idanunta jawur. Ta zauna a bakin kujera.

"Inna, ba ke muke gwadawa ba, na'urar muke gwadawa," in ji Meere, kamar yadda take faɗa wa kowa. "Ki ɗauka mijinki ya fita kamun kifi bai dawo ba. Ki kai rahoto. Duk abin da ya zo ranki ki faɗe shi da ƙarfi mu ji."

"To, 'yar nan."

Ta daɗe tana kokawa da linzamin kwamfutar, kibiyar tana gudu mata. Da ƙyar ta buɗe shafin farko. Da yatsa ɗaya ta riƙa farautar haruffa har ta rubuta Iotebwa. Sai shafin ya nemi lambar rajistar kwale-kwale.

"Lamba? Ban san lamba ba. Fari ne, bakinsa shuɗi, ya lotsa ta hagu inda ya daki dutse bara. Ina zan sa wannan?"

"Ke a ina kike ganin ya kamata ki sa?" Meere ta tambaya.

"Da na sani zan tambaye ki?"

Ta danna gaba, jan rubutu ya fito ya tare ta. Ta sake dannawa, ya sake fitowa. Na rubuta cewa lamba na hana mutane wucewa, har ina jin daɗin mun gano wani abu. Gumi ya jiƙa mata riga. Ta fara magana ƙasa-ƙasa, ba da mu take ba.

"Ruwan sha galan ɗaya ya ɗauka. Na ce ya ƙara, ya ce kafin rana ta yi tsaka ya dawo. Maganin sukarinsa yana kan taga."

Na ɗago kai. Na ce a raina wannan tsohuwa ta iya ƙirƙirar labari.

A ƙarshe ta zuba wasu lambobi barkatai, shafin ya bar ta ta wuce. Ta nemi maɓallin aikawa har ƙasan allo, ta same shi, ta danna da ƙarfi kamar za ta huda tebur. Koren rubutu ya bayyana a harshenmu: an karɓi rahotonki, masu ceto suna kan hanya.

Ta bi shi da yatsa ta karanta. Sai ta zame daga kujera ta durƙusa, ta yi alamar gicciye, kuka ya ƙwace mata.

"Na gode, Ubangiji! 'Yan sanda sun fita sun dawo ba su ga komai ba, sun ce in jira. Na je tasha, na je gidan rediyo, kowa jira. Ashe a nan ne. Yaushe za su tashi, 'yar nan? Jirgin sama ne?"

Meere ta dube ni, na dube ta. Ta sauka ƙasa ta kama hannuwan matar.

"Inna... gwaji ne. Saƙon bai je ko'ina ba. A cikin kwamfutar nan ya tsaya."

"Amma ga shi ya ce suna hanya."

"Mu muka rubuta haka, don mu ga ko mutane za su gane."

"Na gane ai," in ji Nei Bwena. "Na gane sarai." Ta miƙe ta koma kujera. "Lambar ce, ko? Ƙarya na sa. Bari in je in tambayo ta gaskiya in sake. Don Allah ku bar ni in sake."

Ranar muka sallami sauran masu gwaji. Na ari motar kamfani, muka zaga da ita duk ofishin da ke da hannu a neman waɗanda suka ɓata a teku. An karɓe mu da mutunci, an nuna mana inda aka riga aka duba. Igiyar ruwa ta ja yamma, kuma yamma babu iyaka. A hanyar komawa Betio ta sa na tsaya a kan gadar da ta haɗa garin da sauran tsibirin, ta fita ta tsaya tana kallon ruwa har masu motoci suka fara yi mana oda.

Daga baya mun cire tilascin lamba, mun sa babban gargaɗi a saman shafin gwaji, kuma ba mu ƙara zaunar da kowa ba sai mun tambaya ko yana da wani a teku. Meere ba ta ƙara jagorantar gwaji ba, ta koma ɓangaren zane.

Nei Bwena ta yi makonni tana zuwa ofishinmu. Takan zauna a benci ta tambaya ko an haɗa abin da masu ceto. Da aka haɗa, ita ta fara aika rahoto, da lambar gaskiya, ba wanda ya taya ta. Ba a ga Iotebwa ba, ba a ga kwale-kwalen ba.

Ta ɗan gwada sayen kifi a hannun wasu tana soyawa, abin bai ɗore ba. Bayan bikin Ista ƙanwarta ta zo ta tafi da ita Nonouti. Na raka su tasha, na ɗora mata buhun shinkafa da tabarmarta. Ta ba ni lambar wayar ƙanwar ko za a ji labarin Iotebwa, kuma kafin ta hau jirgi ta sa na karanto mata ita a hankali, don ta tabbata na rubuta daidai.